Kiwon Kififiya a Gida

 

Yau maganarmu a kan kififiya ce, wadda waɗansu ke kira kunkurun ruwa. Na ga waɗansunku suna murmushi. Kuna cewa, ashe har kififiya ta isa a tara magidanta sabo da ita? To, ku dakata ku ji. Da ruwa ya sauka, kududdufai suka cika, sai ta fito daga cikin taɓon da ta ɓuya tun rani. Yara su kan tsince ta a bakin tafki ko a hanyar gona, su kawo gida. Maigida ya ce wasan yara ne, ba ruwansa. Bayan 'yan kwanaki, ko dai dabbar ta mutu cikin gwangwani, ko kuwa ƙaramin yaro ya kama zawo, ba wanda ya san mafari. Waɗannan abubuwa biyu su mu ke so mu tsare.

Da fari sai mu san wadda aka kawo mana. Wadda yara suka fi samu ita ce ta kududdufi, mai ƙoƙon baya mai tauri, launin ƙasa-ƙasa. In ta tsorata ta kan lanƙwashe wuyanta gefe guda ta ɓoye kai. In ka ɗauke ta kuma ta kan saki wani ruwa mai wari, don ka sake ta. Girmanta ba ya wuce kamar inci 8 ko fiye kaɗan. Akwai kuma wata mai laushin baya kamar fata, mai dogon wuya da tsinin hanci, wadda masunta ke kamawa a manyan koguna irin su Kwara da Binuwai. Wannan kada a bar wa yaro ita. Tana girma ƙwarai, ga ta da cizo, kuma ba mazubin da ke gidanka da zai ishe ta.

Wanda ya tsare dabba ya ɗauki amana. A kududdufi ita ke neman abincinta, ita ke zaɓen inda za ta sha rana. Ran da ka sa ta a mazubi, duk wannan ya koma wuyanka. Kuma ku sani, kififiya tana da tsawon rai. In ta sami kulawa ta kan yi shekara 20, har ma fiye. Yaron da ya kawo ta yana iya yin aure ya bar ta a gidan.

To, ina za a sa ta? A nemi babbar kwatarniya ko daro mai faɗi, wanda ba a wani aiki da shi. Gwangwani da kwalba kurkuku ne. A zuba ruwa mai zurfi, kamar tsawon jikinta sau biyu, don in ta kife ta iya juyowa da kanta. Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Kififiya iska ta ke shaƙa da huhu, kamar ni da kai. Ta kan daɗe a ƙarƙashin ruwa, amma tilas ta ɗago kai ta yi numfashi. In ta maƙale a ƙasa, ruwa zai kashe ta. Sabo da haka a sa mata faffaɗan dutse ko guntun icce wanda ya ɗara ruwan, mai gangare, yadda za ta hau ba wuya, jikinta duka ya bushe. A girke shi sosai, kada ya motsa ya danne ta.

Dutsen nan yana da babban amfani. Jikin kififiya ba ya yin ɗumi da kansa, sai ta sha rana. In ba ta ji ɗumi ba, ba ta iya narkar da abinci. Hasken rana kuma shi ke taimakon jikinta ya gina ƙashi. Wadda aka kulle a ɗaki wata da watanni, sai ka ga ƙoƙon bayanta ya yi laushi, ya karkace. Hasken da ya ratso gilashin taga ba ya yin wannan aiki, sai na fili. Amma fa ranar ƙasarmu ba abin wasa ba ce. Daron ƙarfe da aka bari a tsakar gida da azahar ya kan yi zafin da zai dafa ta. A ajiye inda hantsi ke bugun gefe ɗaya, ɗaya gefen kuwa yana cikin inuwa. A rufe da ragar waya sabo da shirwa da hankaka da kare, da kuma gafiya da dare. Ita ma kanta gwanar hawa ce, in bakin mazubin ya yi ƙasa za ka wayi gari ba ta.

Akwai wata al'ada da na ke roƙonku ku hana. Waɗansu su kan huda gefen ƙoƙon bayanta da ƙusa mai zafi, su zura igiya su ɗaure ta. Suna tsammani ƙoƙon nan kamar ƙwarya ya ke. Ƙashinta ne mai rai. Haƙarƙarinta da ƙashin bayanta a manne su ke da shi, akwai jini a ciki, kuma tana jin zafi. Haka nan kada a shafa masa fenti ko mai.

Sai batun abinci. Tuwo da fura na mutane ne, ba su gina jikinta, sai ɓata ruwa kawai. Abincinta shi ne tana, da fara, da gyare, da gara, da talibambam, da ƙananan katantanwa, da 'yan ƙananan kifaye. A ba ta kifin ɗungum da ƙayarsa, katantanwa kuma da ɓawonta, gama daga nan ta ke samun abin ƙarfafa ƙashi. Tsokar nama zalla kullum ba ta isa ba. A jefa mata ɗan ganye mai laushi loto-loto, ko kainuwa. A kiyayi farar da aka kamo a gonar da aka yi wa feshin magani, wannan guba ce. Ƙarama a ba ta ko wace rana, babba kuwa bayan kwana 2 ko 3. Gwargwadon girman kanta ya isa ci ɗaya. A cikin ruwa ta ke haɗiye abinci, don haka kada ka ajiye mata a kan dutse ka ce ta ƙi ci. Ba ta da haƙora, amma bakinta kaifi gare shi, a janye yatsa. Sabuwar zuwa ta kan yi 'yan kwanaki ba ta ci ba don tsoro, a ƙyale ta ta huta, a hana yara jagwalgwala ta. Da hunturu ma cinta ya kan ragu.

Yanzu ku ƙara kasa kunne, ga inda maganar ta shafi 'ya'yanmu. Kififiya a ruwan nan ta ke ci, a ciki ta ke kashi. A cikin hanjinta kuwa sau da yawa akwai waɗansu ƙwayoyin cuta da likitoci ke kira Salmonela. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Ita ba su dame ta ba, za ka gan ta garau. Amma suna fitowa cikin kashinta, su bi ruwan, su manne a jikinta. Yaro ya taɓa ta, ya sa hannu a baki ko a kwanon tuwo, shi ke nan sun shiga cikinsa. Daga 'yan sa'o'i zuwa kwana 6 sai zawo, da zazzaɓi, da murɗar ciki, wani lokaci da amai. Babban mutum ya kan warke cikin mako guda. Jariri da tsoho kuwa abin yana iya kai su ga halaka.

Kada ku ce tsoratarwa ce kawai. A Amurka an yi zamanin da a ke sayar wa yara 'yan ƙananan kififiyu a kantuna. Yara masu yawan gaske suka yi ta kamuwa da wannan ciwo. A shekarar 1975 hukumar ƙasar ta hana sayar da duk wadda tsawon bayanta bai kai inci 4 ba, domin irin waɗannan ne yara ke sawa a baki.

Maganin abin yana hannunmu, kuma ba shi da tsada. Duk wanda ya taɓa kififiya, ko ruwanta, ko dutsenta, ya wanke hannu da sabulu nan take, tun bai taɓa kome ba. Yaron da bai kai shekara 5 ba kada ya taɓa ta sam. Mazubinta ya yi nisa da madafa, da randa, da bakin rijiya. Moɗar da a ke shan ruwa da ita kada ta shiga daronta, a ware mata tsohon gwangwani da soso nata na kanta. Uwargida, kada ki yarda a wanke daron nan inda ki ke wanke kwanoni. Kada kuma wani ya jefa ta cikin rijiya ko randa wai ta cinye ƙwari. Ruwan da mutane za su sha ke nan ya ɓata.

A sake mata ruwa bayan kwana 2 ko 3, ko da zarar ya fara gurɓacewa ko wari. Tsohon ruwan a zuba shi a masai, ko a rami nesa da inda yara ke wasa, ban da kan alayyafo da latas. Ruwan rijiya ya yi. In na famfo ne, a tara shi ya kwana tukuna. Wata dabara kuma, a riƙa ba ta abinci a wani ƙaramin mazubi dabam, in ta gama a mai da ita, ruwan babban zai fi daɗewa da tsabta.

In yaro ya kama zawo, a yi ta ba shi ruwan gishiri da sukari irin na ƙunshi da a ke samu a asibiti, mai shan nono a ci gaba da ba shi nono. In ga jini, ko zazzaɓi mai zafi, ko ya ƙi sha, a kai shi asibiti ran nan, a gaya wa malamin asibiti akwai kififiya a gidan. Ita kuma in idanunta suka kumbura, ko kumfa na fita ta hancinta, ko tana iyo a karkace, sai a nemi malamin dabbobi.

Wanda ya ji wannan duka ya ga ba zai iya ba, ya mai da ita tun da wuri. A kai ta kududdufin da aka ɗauko ta, tun ruwa bai janye ba, don ta sami lokacin yin ƙiba kafin ta shiga taɓo da rani. Amma baƙuwa da aka sayo a birni, mai jan zane a bayan ido, asalinta daga Amurka ne. Ita kada a sake ta a tafkinmu, gama za ta yi ta ƙwace wa namu abinci da wurin shan rana. A nemi wani mai iya riƙonta a ba shi.