Faɗuwa Daga Kan Soro

Ga bazara ta yi, hadari ya fara leƙowa daga gabas. Kowane maigida yana shirin yaɓen soro da gyaran indararo kafin ruwa ya sauka. Saboda haka maganarmu ta yau a kan hawa ce da faɗuwa.

Mutum in ya hau bene mai tsawo sai gabansa ya faɗi, ya yi hattara. Amma soro mai ƙafa 10, ko rumbu, ko katanga, wa ke tsoronsu? To, nan ɓarnar take. Hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa cikin 2021 cewa faɗuwa iri iri tana kashe mutum wajen 684,000 kowace shekara. In ban da haɗarin hanya, babu tsautsayin da ya fi ta kisa.

Wata shekara aka kawo mana wani magini, ya fi shekara 20 yana sana'ar. Da hantsi yana yaɓe yana ja da baya, sai ƙafa ta zarce bakin soro. Ya bugu a kai, ya ɗan suma, ya farfaɗo, ya karkaɗe riga yana dariya, har ya ci abincin rana. Da la'asar ya ce kansa na ciwo, ya yi amai, ya kwanta. Aka ce a bar shi ya huta. Sai da magariba aka kawo shi yana minshari, ba ya amsa kira. Ya cika a hanyar babban asibiti. Jijiyar jini ce ta tsinke cikin ƙoƙon kansa, jinin ya yi ta taruwa sannu sannu har ya danne ƙwaƙwalwa. Da an kai shi tun da hantsi, likita na iya yi masa aiki ya fitar da jinin.

Kai magini, kai lebura, kai maigida mai gyaran ɗakinka, ga abubuwa biyar.

Na farko, tsani. Duba kowace matakala kafin ka hau. Kafa shi a ƙasa mai tauri, ba kan tubali ko turmi ba. In tsawon bangon ƙafa 12 ne, gindin tsani ya nisanci bango da ƙafa 3, watau ɗaya bisa huɗu. Kansa kuma ya zarce bakin soro da ƙafa 3, don ka sami abin kamawa. Wani ya riƙe maka gindin. Kada ka hau da kaya a hannu, a jawo ƙasa da igiya.

Na biyu, bakin soro. Kada ka ba shi baya. Inda babu rawani, a kafa itatuwa masu ƙarfi, a gitta wani daidai ƙugu, wani daidai gwiwa. Ɗanyen yaɓe yana da santsi.

Na uku, abin takawa. Azarar da gara ta ci, daga waje lafiya lau take, sai an taka ta karye. Ƙwanƙwasa ta tukuna. A rufin kwano kuwa, shimfiɗa katako ka taka, ka yi nesa da wayar lantarki.

Na huɗu, katakon tsayawa. Falanki guda a kan ganguna biyu tarko ne. A jera su da faɗi, a ɗaure, kada a tara musu bulo.

Na biyar, jikinka. Tuɓe babbar riga da silifa. In kana jin jiri, ko zazzaɓi, ko rana ta take, sauko. Mai farfaɗiya kada ya hau, yara kuma kada su yi wasa a ƙarƙashin masu aiki.

To, in tsautsayi ya auku fa? Kada ku ɗaga shi zaune, kada ku ja ƙafarsa ko ku murɗa wuyansa. Cikin ƙashin baya akwai laka, in ta tsinke ba ta ɗoruwa, mutum ya shanye ke nan. Wani ya riƙe kansa daidai da jikinsa, mutum huɗu su ɗora shi gaba ɗaya bisa ƙyaure ko faffaɗan katako. Kada a ɗura masa ruwa ko fura. In jini na zuba, a danne da tsumma mai tsabta. Rauni in ƙasa ta shiga, a wanke, a zo a duba ko yana bukatar allurar hana ciwon nan mai sarƙe haƙora.

Wanda ya bugu a kai kuwa, in ya suma ko da kaɗan ne, ko ya yi amai, ko barci ya rinjaye shi, ko maganarsa ta rikice, ko jini ko ruwa ya fito ta kunne ko hanci, asibiti nan da nan. Wannan ba aikin maɗori ba ne. Ko ya tashi garau, kada a bar shi shi kaɗai kwana ɗaya da yini.

Na san za a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma wanda ya ɗaure tsaninsa bai ƙi ƙaddara ba, iyalinsa ya tuna. Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.