Ɗaliban Rasha da Salon Maganar Ingilishi

Salon magana, wato jerin kalmomin da ba a gane manufarsu ta hanyar fassara su ɗaya bayan ɗaya, yana daga cikin abubuwan da suka fi yi wa ɗaliban Rasha tarnaƙi wajen koyon Ingilishi. Idan Bature ya ce an kai kwal Newcastle, birnin da ya shahara a da wajen fitar da kwal, nufinsa an yi aikin banza, alhali mutumin Rasha zai ce an je Tula da samoba, tukunyar shayin da ake ƙerawa a can. Saboda haka ya wajaba malamai su riƙa koyar da kowane salo tare da takwaransa na Rashanci, kamar yadda masanin harshe Kunin ya yi a ƙamusunsa.