Daga Alli Zuwa Kwamfuta: Karatun Da Na Yi Da Furfura

(Jawabin da ɗaya daga cikin malaman makarantar sakandaren garinmu ya gabatar a babban taron shekara-shekara na ƙungiya)



Ina godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ga dacewar a ba ni wannan dama. Lokacin da sakatare ya kawo mini takardar gayyata, ya shaida mini cewa an tara kuɗi masu kauri a asusun ilimi, kuma ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne a sayo wa makarantarmu kwamfutoci. Ya ce ana son jin ta bakin wanda zai yi aiki da su kafin a saki kuɗin. Ni ba masanin kwamfuta ba ne. Malamin kimiyya ne da ya fara riƙe alli a 1994, bai kuma taɓa linzamin kwamfuta ba sai da furfura ta fara fito masa. Abin da zan faɗa shi ne abin da na gani a cikin aji, da inda na yi tuntuɓe.

Da yawa daga cikinku za su tuna ranar 29 ga Maris, 2006, da aka yi kusufin rana, duhu ya rufe yankunan Gusau da Katsina da hantsi. Washegari ɗalibai suka cika ni da tambayoyi. Na ɗauko lemo da ƙwallo da tocila, na rufe tagogi, ina ƙoƙarin nuna musu yadda wata ke shiga tsakanin rana da duniya, inuwarsa ta faɗo a kan wani sashe na ƙasa. Na gaba sun gani, na baya kuwa sai dai suka ji labari. Bayan shekaru da dama na sake koyar da wannan darasi da majigi da bidiyo na minti uku. Kafin in buɗe baki, wani yaro da ke zaune a can baya ya ce, “Malam, ashe shi ya sa wasu garuruwa suka ga duhu sosai, wasu kuwa rabi kawai suka gani.” Ranar na ƙara yarda cewa gani ya kori ji.

Amma tsakanin waɗannan darussa biyu akwai tafiya mai nisa, kuma ba da son raina na fara ta ba. An taɓa kawo wa makarantarmu kwamfutoci kyauta. Aka yi biki, aka ɗauki hotuna, aka yanka zare. Da baƙi suka tafi sai aka kulle ɗakin, domin babu wuta, babu kuɗin man janareta, kuma babu wanda ya iya a cikinmu. Mu malamai kowa yana kunyar a ga gazawarsa, sai muka fake da cewa kayan gwamnati ne, kada a lalata. Ƙurar hunturu ta shige su, ɓeraye suka cinye wayoyin, zafin bazara ya ƙarasa sauran. Ba zan ɗora wa kowa laifi ba, domin ina cikin waɗanda suka riƙa wucewa ta ƙofar ɗakin kullum ba tare da sun nemi mabuɗi ba.

Abin da ya farkar da ni ya faru ne a 2015, shekarar da hukumar JAMB ta daina jarrabawar takarda da fensir ta koma kwamfuta gaba ɗaya, bayan ta fara gwada tsarin tun 2013. Ina da wata ɗaliba wadda ban taɓa samun kamarta a kimiyyar sinadarai ba. Ta tafi birni ta zauna jarrabawar, ta dawo tana kuka. Ta ce da ta ɗora hannu a kan linzamin sai ya kama rawa, kibiyar ta riƙa tserewa daga inda take so, ga agogo yana tafiya a saman fuskar kwamfutar. Kafin hankalinta ya kwanta lokaci ya yi nisa. Ta san amsoshin, hannunta ne bai san hanya ba. Ba ta sami makin da ake nema ba, kuma kafin shekara ta zagayo an yi mata aure. Na daɗe ina tunanin cewa da na nemi mabuɗin ɗakin nan, da wataƙila yau tana cikin likitocin da muke alfahari da su a wannan zaure.

Bayan sati biyu na je shagon kwamfuta da ke bakin tasha, wanda wani tsohon ɗalibina ya buɗe. Na ce masa, “Yau ni ne ɗalibi.” Ya miƙe tsaye, ya ce, “Haba Malam, ni wa da zan koya maka?” Na ce, “Zauna, gemu ba ya hana ilimi.” Wata uku ina zuwa bayan la'asar. Da yatsa ɗaya na fara bugu, ina neman harafi kamar mai neman allura a cikin rairayi. Ranar da na buga tambayoyin jarrabawa shafi huɗu wuta ta ɗauke ban adana ba, sai da na yi kwana biyu ban koma ba. Da na koma bai yi mini dariya ba, ya nuna mini maɓallai biyu da ake dannawa a adana aiki. A wurinsa na tuna da abin da na manta bayan shekaru ashirin ina koyarwa: yadda zuciyar ɗalibi ke bugawa idan ya kasa abin da kowa ke cewa mai sauƙi ne. Tun daga lokacin na rage tsawa a aji.

Amfanin farko da na samu ba a cikin aji ba ne, a ofis ne. Haɗa sakamakon ɗalibai na ƙarshen zango kan ci mini mako guda, da kalkuleta da jan biro, kuma duk da haka sai an sami kuskure. Da manhajar Excel ya koma aikin yamma ɗaya. Lokacin da ya rage mini na mayar da shi wurin duba littattafan yara. Na biyu shi ne rubutun harshenmu. A da, idan aka buga takarda da Hausa sai an bi da biro ana lanƙwasa ɓ da ɗ da ƙ, in ba haka ba ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata. Yanzu madannan waya irin su Gboard suna da waɗannan haruffa, ba a biyan ko kwabo. Na uku shi ne gwaje-gwajen da ba mu da kayan yin su. Jami'ar Colorado ta Amurka tana da wani shiri mai suna PhET, wanda aka fara a 2002, inda ɗalibi zai haɗa batir da waya da ƙwan fitila a kan fuskar kwamfuta ya ga yadda wuta ke gudana. Kyauta ne, kuma ana iya sauke shi a yi aiki da shi ba tare da intanet ba. Bai kai taɓa kayan gwaji na gaske ba, amma ya fi zane a allo nesa ba kusa ba.

Sai shekarar 2020 ta zo da annobar korona, aka rufe makarantu a watan Maris, ba a kuma koma sosai ba sai wajen Oktoba. Na buɗe zauren WhatsApp, ina tura darasi da murya, ina ɗaukar hoton aikin da na rubuta a takarda. Na yi ta murna da kaina har ranar da na ɗauko rajista na gwada da sunayen da ke cikin zauren. Waɗanda suke ciki 'ya'yan ma'aikata ne da 'yan kasuwa. 'Ya'yan manoma na ƙauyukan kewaye, da mafi yawan 'yan mata, ba su ciki. Wasu gidajen waya ɗaya ce, tana aljihun maigida, shi kuma yana gona ko kasuwa. Abin da ya kai ga waɗannan yara shi ne darussan da jihohi irin su Kano da Kaduna suka riƙa watsawa ta rediyo, da takardun da muka buga muka aika ta hannun masu unguwanni. Darasin da na ɗauka shi ne, na'ura tana iya ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi ta bar mai rauni a inda yake, idan malami bai sa ido ba.

Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira, tun fitowar ChatGPT a watan Nuwamban 2022. Na fara gane ta iso garinmu ne da wani yaro da ba ya iya haɗa jimla biyu ya kawo mini aikin gida da Turancin da ya fi na farfesa. Ban doke shi ba. Na ce ya tsaya gaban aji ya yi mana bayanin sakin layi na farko da Hausa, sai ya sunkuyar da kai. Ni kaina ina amfani da ita wajen tsara tambayoyi, amma na sha kama ta tana ba da amsar ƙarya cikin kwanciyar hankali. Wanda ya san darasin shi ne zai gane. Saboda haka buƙatar malami mai ilimi ƙaruwa ta yi.

Mai girma shugaban taro, ba mu kaɗai muka taɓa zaton cewa raba na'ura shi ne raba ilimi ba. Wasunku sun tuna shirin nan na ba kowane yaro kwamfuta, wanda ake kira kwamfutar dala 100, da aka gwada a wata makarantar firamare a Galadima, Abuja, a 2007. Ƙasar Peru ta rungumi shirin ta sayi dubban ɗaruruwa. A 2012 masu bincike na Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka suka fitar da sakamakon nazarin makarantun karkara 319. Bayan wata 15, yaran sun iya sarrafa kwamfutar, amma makinsu a lissafi da harshe bai ƙaru ba. Kwamfuta fartanya ce. Fartanya ba ta noma sai da manomi.

Ba ina cewa kada a saya ba ne. Dole a saya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A tsarin da JAMB ta bi a 'yan shekarun nan, tambayoyi 180 ake amsawa cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Tun 2017 ta sauƙaƙa, ana iya danna A, B, C ko D don amsa, N don gaba, P don baya, ba sai da linzami ba, amma yaron da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba har yanzu zai ɓata lokaci yana tsoro. Hukumar WAEC ma ta fara jarrabawar kwamfuta ga masu zaman kansu a farkon shekarar 2024. Inda aka dosa a bayyane yake. Roƙona shi ne a bi tsari, kuma ga shawarwarina:

Na ɗaya, a fara da wuta. A sa farantan sola da batura kafin a sayo ko kwamfuta ɗaya. A kuma zaɓi ta tafi-da-gidanka, domin tana cin wuta kaɗan, wajen wat 45 zuwa 65, tana da batirinta, ana kuma iya adana ta a akwati a kare ta daga ƙura.

Na biyu, a horar da malamai, ba horon kwana uku da alawus da takardar shaida ba. A sami wanda zai riƙa zama da mu kowane mako har zango ya ƙare. A cikin wannan zaure akwai injiniyoyi da ma'aikatan banki da malaman jami'a. Wanda ya ba mu Asabar biyu a cikin hutunsa ya yi mana abin da kuɗi ba za su yi ba.

Na uku, a ware wani kaso na kuɗin don gyara da data da ladan mai kula da ɗakin. Kwamfuta 15 masu aiki shekara biyar sun fi 50 da za su mutu kafin taronmu na baɗi.

Na huɗu, a sa ɗakin a cikin jadawalin darussa, kowane ɗalibin ajin ƙarshe ya sami lokacinsa a rubuce, kuma a keɓe wa 'yan mata nasu lokaci da rana, domin idan aka bar shi ga mai rabo ka ɗauka, mun san waɗanda za a ture.

Na biyar, kwamitin ilimi ya riƙa kawo ziyara ba tare da sanarwa ba. Kada ku tambaye mu kwamfuta nawa ke ɗakin. Ku kira yaro ɗaya daga ƙauye ku ce ya kunna ta.

'Yan'uwa mazauna birane, 'ya'yanku suna wasa da waya tun kafin su iya magana. 'Ya'yan ƙannenku da ke gida za su zauna jarrabawa ɗaya da su, a ɗaki ɗaya, agogo ɗaya yana ƙirga musu lokaci. Makarantar da ta yaye da yawa daga cikinku ita ce kaɗai damar da suke da ita. Ni saura mini 'yan shekaru in ajiye alli. Burina shi ne kafin ranar in ga babu sauran yarinyar garin nan da za ta dawo daga jarrabawa tana kuka saboda hannunta bai san linzami ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: ku kawo kayan aiki, mu kuma mun yi alkawarin neman mabuɗi.