Tafiyar Inna Indiya Don Canjin Gwiwa: Jawabi a Taron Shekara na Tsofaffin Ɗalibai

 

Shugaba ya umurce ni da in yi bayani a kan tafiyar da na yi da mahaifiyata zuwa ƙasar Indiya a shekarar 2024, inda aka canja mata gwiwar dama. Na karɓi umurnin ne saboda da gudummawarku aka yi tafiyar, kuma ko a yau mutum uku a cikinku sun ja ni gefe suna tambayar hanya domin nasu iyayen. Ni ba likita ba ne, ma'aikacin gwamnati ne a nan Birnin Kebbi. Abin da idona ya gani da abin da likitoci suka faɗa mini, shi zan faɗa muku, har da kurakuran da na yi.

Inna tana zaune a gidanmu na Argungu. Ta yi shekaru tana fama da ciwon gwiwa. An sha man zafi, an yi ƙaho, an sha ƙwayoyi har suka fara taɓa mata ciki. Sannu a hankali ƙafar ta yi baka, tashi daga tabarma ya zama sai an kama ta. Da aka ɗauki hoton ƙashi, likita ya nuna mini cewa guringuntsin da ke tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri ya cinye, ƙashi yana gugar ƙashi. Wannan shi ne amosanin gaɓa, kuma ya fi kama mata da masu ƙiba da waɗanda suka taɓa jin rauni a gwiwa. In ya kai wannan matsayi, ba maganin da zai mayar da guringuntsin.

To, mene ne canjin gwiwa? Da yawa cikinmu suna zaton cire gwiwar ake yi ɗungurum. Ba haka ba ne. Likita yana aske bakin ƙasusuwan biyu da suka lalace, ya sa wa na cinya hular ƙarfe, ya ɗora wa na ƙwauri faranti, ya sa roba mai tauri a tsakani, sa'an nan ya liƙe su da simintin ƙashi. Aikin yakan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu, kuma ran nan ko washegari ake tayar da mutum ya taka. Irin gwiwar da ake sawa yanzu ta samo asali ne daga wadda aka ƙera a birnin New York na Amurka a shekarar 1974, kuma ɗaya daga cikin likitocin da suka ƙera ta, Dakta Ranawat, haifaffen Indiya ne. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna cewa kashi 82 cikin ɗari na irin waɗannan gwiwoyi suna kai shekara 25 suna aiki. Wato dai aiki ne sananne, ba abin tsoro ba.

Kuskurena na farko shi ne ban yi tambaya a gida ba. Na ji wani ya ce ya kai babansa Indiya, ya ba ni lambar wani dillali, shi ke nan na kama hanya. Dillalin ya aiko da takardar asibiti da kuɗin aiki a dala. A lokacin, wato watan Mayu na 2023, dala tana wajen naira 750 a kasuwar 'yan canji. Muka ce bari mu tara. A watan Yuni gwamnati ta sakar wa naira mara, kafin watan Fabrairu na 2024 dala ta haura naira 1,500. Kuɗin asibiti bai ƙaru da ko sisi ba, amma abin da za mu biya ya ninka. Dole muka sayar da gonar shinkafar da mahaifinmu ya bar mana a fadama, ku kuma kuka cika mana sauran. Allah Ya saka muku da alheri.

Sa'an nan kuɗin aiki ba shi ne kuɗin tafiya ba. Akwai bizar majinyaci da ta mai jinya, da katin rigakafin shawara, da tikitin mutum biyu, da masauki, da abinci, da mota. Daga Argungu muka zo Birnin Kebbi, muka wuce Abuja, muka sauka Adis Ababa, sa'an nan Delhi, duk Inna tana kan keken guragu. Matar da ba ta taɓa wuce Sakkwato ba sai ga ta a garin da ba mai jin abin da take faɗa sai ni.

A nan na yi kuskure na biyu, wanda har yau yake damuna. Kwana ɗaya kafin aiki likitan ya zo, ya ce ko tana da tambaya. Ni ne ɗan fari, Inna ba ta kiran sunana. Ta dube ni ta ce, "Kai, tambaye shi, zan yi sujada?" Na tambaye shi. Ya ce ciwo zai tafi, za ta yi tafiya, amma yawancin waɗanda aka yi wa aikin gwiwarsu ba ta lanƙwashewa sosai yadda za su zauna a kan ƙafa kamar zaman tahiya, saboda haka ta shirya wa salla a kujera. Jama'a, na juya na ce mata, "Ya ce za ki yi, in Allah Ya yarda." Na ji tsoron kada ta ce mu koma, ga gona an riga an sayar. Ta sa hannu a kan maganar da ba likita ne ya faɗa ba.

Aiki ya yi kyau, ba ni da abin cewa a kan likitocin sai godiya. Washegari ta taka da ƙarfen dogarawa. Likita ya so mu ƙara makonni saboda doguwar tafiyar jirgi bayan aikin ƙafa tana iya sa jini ya daskare a jijiya, ya haura huhu. Amma guzuri ya ƙare. Ana cire ɗinki muka taho da allurar tsinka jini da doguwar safa, ina ta tayar da ita tana takawa a cikin jirgi.

Kuskure na uku ya bayyana ne bayan mun dawo. Ashe aikin likita rabi ne, sauran rabin gashin ƙashi ne, wato motsa gwiwar kullum, a lanƙwasa a miƙe, na tsawon wata uku ko fiye, ko da ana jin zafi. Ban tanadi mai yi mata ba. Ban gyara gida ba: masai na tsuguno ne, gado ƙasa-ƙasa, ga dokin ƙofa. 'Yan dubiya kuma suna ta cewa a bar ta ta huta. Cikin mako shida gwiwa ta sandare. Na kira dillali, waya ba ta shiga.

Sai muka nufi Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda yake nan tun 1959. Likitan da ya gan mu ya nemi takardar bayanin aikin da lambar ƙarfen da aka sa. Ba mu karɓo ba, sai da muka yi ta aika saƙo kafin aka turo. Ya duba hoto ya ce ƙarfe ya zauna daidai, ya haɗa mu da masu gashin ƙashi. Sa'an nan ya tambaye ni, "Malam, wa ya ce muku ba a yin wannan aiki a nan?" Na rasa amsa. Ana yi a Dala, ana yi a Igbobi ta Legas, ana yi a Inugu. Ban ce yana da araha ba, domin ƙarfen daga waje ake sayo shi da dala, kuma akwai jiran layi. Amma ba biza, ba tikiti, ba tafinta, kuma wanda ya yi maka aikin yana nan in wani abu ya taso.

Yanzu Inna tana tafiya ba sanda, tana zuwa suna da biki, tana barci ba ciwo. Salla kuwa a kujera take yi. Limamin unguwarmu ya zo har gida ya yi mata bayani cewa wanda ya kasa tsayuwa ko sujada ya yi yadda zai iya, sallarsa ta inganta. Ranar na durƙusa na gaya mata abin da likita ya faɗa da abin da ni na faɗa. Ta yi shiru, can ta ce, "Da ka gaya mini ma da na yarda. Amma da ni na zaɓa." Ta yafe mini, sai dai maganar ba ta bar ni ba.

Saboda haka ga shawarata ga masu niyya. Ku fara ganin likitan ƙashi a gida, ku ji ko aikin ya zama dole, ku ji kuɗinsa a nan. Matambayi ba ya ɓata. In kun zaɓi fita, ku yi magana da asibitin kai tsaye, ku yi lissafi a dala har da kuɗin ƙarin makonni. Kafin ku tashi ku san likitan da zai karɓe ku in kun dawo da wanda zai yi gashin ƙashi, ku gyara masai da gado, don ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ku baro asibiti ba tare da takardunku ba. Kuma ku faɗa wa mai gwiwar gaskiya, domin jikinsa ne.

Mu kuma da muka fara ajiye tumbi a ofis, likitoci sun ce kowane kilo ɗaya da aka ƙara, gwiwa tana ɗaukar kamar huɗu a kowane taku. Malamin wasanninmu yana zaune a nan, ya san abin da nake nufi.

A ƙarshe, ranka ya daɗe shugaba, ina roƙon ƙungiya ta tattara sunayen likitoci da ma'aikatan jinya da ke cikinmu, domin ɗan'uwa ya sami wanda zai tambaya kafin ya sayar da gona. Inda na yi kuskure malamaina su gyara mini kamar yadda suka saba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.