Dirakta da mai shigar da ƙara: su san juna tun kafin gawa ta haɗa su



Iyayena maza da mata, malamaina, ƴan kwamitin makarantu, ƴan'uwana matasan Alela da waɗanda sunka taso daga Ƙonni, Malbaza da Illela, sannunku da zuwa. Allah ya ba da ladan zama.

Mutum biyu nake so mu yi magana a kansu yau. Na farko kowa ya san shi, diraktan lakkol, tare da sufeton da ke samansa. Na biyu kuwa yawancinmu sunansa kawai muke ji, kuma ba mu fatan ganinsa: mai shigar da ƙara na gwamnati, wanda ake ce wa procureur, da ke zaune a babbar kotun Ƙonni. Ran ɗiyanmu a makaranta yana hannun su biyun. Tambayata ita ce, mi kowannensu ya karanta, kuma mi anka horar da shi ya gani?

Mu fara tuna dalilin tambayar. Ranar 13 ga Afrilu 2021 gobara ta tashi a wata makaranta da ke unguwar Pays-Bas a Yamai, yara aƙalla 20 sunka rasu cikin azuzuwan zana, mafi yawansu ƴan ajin renon yara. Ba a cika wata bakwai ba, ranar 8 ga Nuwamba 2021, ta sake faruwa a Maraɗi, aƙalla yara 25, ƴan shekara biyar zuwa shida. Bayan ta Maraɗi majalisar ministoci ta hana sanya ƴan ajin renon yara cikin zana a duk faɗin ƙasa. A lokacin hukumomi da kansu sun ce azuzuwan zana a Nijar sun kai wajen 36,000. Ni kaina a cikin irinsu na koyi baƙaƙe, kuma da yawa daga cikinku haka ne. Mun san yadda zana ke bushewa in hunturu ya shigo, mun san ƙofa ɗaya gare ta.

To, waye mai shigar da ƙara? Mutum ne da ya yi karatun shari'a a jami'a, ya ci jarrabawar shiga aikin alƙalanci, ya yi horo. A da a makarantar ENAM ake horar da su, yanzu akwai makarantar horar da ma'aikatan shari'a ta ƙasa, EFJN, a Yamai. Shi da alƙalin da ke yanke hukunci ƴan gida ɗaya ne, sai dai shi yana ƙarƙashin ministan shari'a. Jandarma da ɗan sanda, in suna binciken laifi, shi suke wa aiki. Shi ke duba takarda ya ce wagga a kai ta gaban alƙali, wagga a ajiye ta. An koya masa mi ne ne laifi, mi ce ce hujja, wa ke da alhaki. Ya san cewa sakacin da ya jawo mutuwar mutum laifi ne a dokar ƙasarmu, ko da mai sakacin bai yi nufin kisa ba. Amma duk wannan ilimi nasa yana fara aiki ne bayan abu ya auku. Aikinsa bai tilasta masa ya taɓa shiga aji mai yara tamanin ba.

Shi kuma dirakta? Malami ne. Wani ya fito makarantar horon malamai, kamar ta Kaocen da ke Tawa. Wani ya shigo ta hanyar kwantiragi, ya koyi aikin a bakin allo. Sai wata rana takarda ta zo an naɗa shi dirakta, sau da yawa yana riƙe da nasa ajin. Sufeto da mai ba malamai shawara su ma malamai ne da sunka ƙaro karatu a ENS ta Jami'ar Abdou Moumouni. Abin da anka horar da su a kai shi ne koyarwa: tsara darasi, duba littafin shirin malami, ƙidayar yara, sakamakon jarrabawa. Dirakta shi ke wurin kullum. Shi ya san mai tuyar ƙosai ta matso da murhunta jikin zana. Shi ya san wace yarinya ta daina zuwa, kuma sau da yawa ya san dalili. Amma tambaye shi wane abu ne doka ta ce dole ya kai gaba, wane ne zai iya kashewa a ofishinsa, sai ka ga bawan Allah yana lalube.

Kun ga inda matsalar take. Wanda ya san doka ba ya wurin. Wanda ke wurin ba a koya masa dokar ba. Haka abin yake har can sama: a gwamnatin da anka kafa cikin Agusta 2023, ministan shari'a Alio Daouda alƙali ne, ministar ilimi Elisabeth Shérif malamar jami'a ce. Kowa an ɗauko shi daga fanninsa, kuma daidai ne. Sai dai tsaron yaro a makaranta ya faɗa tsakanin fannonin biyu, kamar gonar da ke kan iyaka, kowa na zaton ɗan'uwansa ne zai nome ta.

Kuma ba gobara kaɗai ba ce. Ku dubi makarantun da ke bakin babbar hanya daga Ƙonni zuwa Tsarnawa, Malbaza har Galmi, inda manyan motocin siminti da na albasa ke wucewa, yara na tsallakawa safe da rana. Ku dubi ƙetaren iyaka: cikin Maris 2024 ƴan bindiga sun kwashe almajirai 15 a Gidan Bakuso, ƙaramar hukumar Gada ta jihar Sakkwato. Gada ba nisa gare ta da mu ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Sai kuma wadda ba mu son faɗi a taro. Babban mutum, wani lokaci ma malami, ya lalata yarinya ƴar makaranta. Mi ake yi? A kira dattawa, a shiga zaure, a ce a rufa asiri. A yi wa malamin canjin wuri, ya tafi wani ƙauyen da halinsa. Yarinyar a cire ta daga aji. Iyayena, ina girmama sulhu, da shi garuruwanmu ke zaune lafiya. Rikicin gona, bashi, faɗan maƙwabta, duk sulhu na kashe su. Amma fyaɗe ga yarinya babban laifi ne, kuma ba dirakta, ba sufeto, ba mai gari da doka ta ba ikon yafe shi. Diraktan da ya shiga irin wannan zama ba lallai mugu ba ne. Tsoro yake ji: shi baƙo ne a garin, ba ya son ɓata sunan makaranta, kuma kotu a wurinsa wuri ne da ake shiga ba a san ranar fita ba. Da ya taɓa zama da mai shigar da ƙara ko sau ɗaya, da ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Takardu kam muna da su. Nijar ta sa hannu kan yarjejeniyar kare makarantu ta Oslo tun 2015. Ranar 5 ga Disamba 2017 an fitar da dokar kare yarinya mai karatu da tallafa mata. Ranar 29 ga Oktoba 2021 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ƙuduri mai lamba 2601 kan kare ilimi a lokacin rikici, kuma Nijar da Norway ne sunka jagorance shi. Kwana goma bayan nan anka yi gobarar Maraɗi. Takarda ba ta kashe wuta sai ta iso hannun wanda ke tsaye a farfajiyar makaranta.

Don haka ga abin da muke nema, kuma babu mai bukatar miliyoyi a ciki.

Na ɗaya, kafin komawa makaranta cikin Oktoba, a kowace gunduma, Ƙonni, Malbaza da Illela, a yi zaman yini ɗaya: mai shigar da ƙara ko mataimakinsa, alƙalin yara, kwamandan jandarma, sufetoci da daraktoci. Mai shigar da ƙara ya faɗa musu dalla-dalla abin da dole a kawo masa. Su kuma su faɗa masa yadda makarantar ƙauye take, ya ji da kunnensa.

Na biyu, abin da anka faɗa a rubuta shi a takarda ɗaya, da Faransanci da Hausa, a manna a kowace makaranta. Tun Maris 2025 kundin da ƙasa ke tafiya a kai ya ce Hausa ce harshen ƙasa. To a fara da wannan, uwar da ba ta yi lakkol ba a karanta mata ta gane.

Na uku, duk malamin da za a naɗa dirakta a ba shi horo ko na mako ɗaya ne kan gobara, fitar da yara cikin gaggawa, da kai rahoton laifi. Sufeto in ya zo rangadi, bayan ya duba littafin darasi, ya ƙirga ƙofofi, ya auna tazarar da ke tsakanin zana da zana, ya ga inda murhu yake.

Na huɗu namu ne. Kwamitin kula da makaranta, COGES, a nan jihar Tawa ya yi ƙarfi tun 2004, da shirin Makaranta Don Kowa da Japan ta tallafa, kafin sauran jihohi su ɗauka. Mu ne muka zaɓi ƴan kwamitin, mu ke kawo kara da itacen da ake kafa azuzuwan. To mu sa ƙofa biyu. Mu bar fili tsakanin aji da aji. Mu ajiye tulu da yashi. Mu matsar da masu wuta nesa, cikin mutunci, don su ma abincinsu suke nema. Ƙungiyar iyaye mata kuma a ba ta bakin magana, don su yarinya ke fara gaya wa.

Ku kuma sani, duk ɗan ƙasa na da ikon kai ƙara wurin jandarma, ko ya rubuta kai tsaye zuwa ga mai shigar da ƙara. Ba sai da izinin dirakta ba, ba sai da na mai gari ba. Mu matasan da munka yi karatu, rubuta wa iyayenmu irin wagga takarda ba zai ci mana rabin awa ba.

Ƴan'uwana ɗalibai, ku nake wa ta ƙarshe. A Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa akwai tsangayar shari'a, akwai ta ilimin koyarwa. Mai shigar da ƙara na gobe da sufeton gobe a harabar nan ɗaya suke, layi ɗaya suke bi wajen cin abinci. Muna roƙon shugabannin jami'ar su haɗa su a darasi ɗaya kan kare yaro a makaranta, kuma su fito tare su ga azuzuwan Alela, Bazaga da Tajaye da idonsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle jinkar da ɗiyanmu ke zaune ƙarƙashinta.

Wasiƙar da za mu kai wa shugabannin gundumomin uku da kotun Ƙonni tana nan kan tebur. Za a karanta ta da Hausa yanzu. Wanda ya yarda ya sa hannu, wanda ba ya rubutu ya dangwala yatsa.

Allah ya jiƙan yaran Yamai da na Maraɗi, ya ba iyayensu haƙuri, ya tsare mana na baya.