Tafinta Tsakaninmu da Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa



Kakanninmu a nan Daura sun san darajar tafinta tun zamanin da Joji kan zo fada da Turancinsa, sai an juya maganarsa kafin Sarki ya ji. To, na'ura mai ƙwaƙwalwa ita ma ba ta jin Hausa, ba ta jin Turanci; sifiri da ɗaya kaɗai ta sani. Abin da muka rubuta da harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙago a Amurka cikin 1972, lalle sai an fassara mata shi. Tafintan da muke samu kyauta kuwa shi ne gcc, wanda Richard Stallman ya fitar a 1987.

Mu buɗe baƙin allon nan na ba da umarni, mu rubuta gcc gaisuwa.c -o gaisuwa. In allo ya yi shiru, to fassara ta yiwu, domin wannan tafinta ba ya yabo. Sai mu rubuta ./gaisuwa, watau muna cewa a nemi abin a nan inda muke tsaye.

Inda ake sanin ɗalibi shi ne ran da tafinta ya ƙi. Waƙafi mai ruwa guda muka manta, sai ga ƙorafi ya cika allo. Kada mu firgita. Mu karanta na farko, yana ɗauke da sunan fayil da lambar layi, sauran sau da yawa 'ya'yansa ne. Wani lokaci ma ɓarnar tana sama da layin da ya ambata. Magabatanmu da suka koyi FORTRAN a jami'o'in ƙasar nan cikin shekarun 1970 kati suke hudawa, mai gurbi 80, su miƙa, su jira sakamako, sa'an nan su ji sun yi kuskure. Mu kuwa nan take ake gaya mana, amma karantawa ta gagare mu!

Sai dai fa nahawu kaɗai tafinta yake dubawa, ba ruwansa da ma'ana. Ma'aikacin da ya sa ɗebewa a gurbin tarawa cikin lissafin albashi, gcc zai fassara masa ba musu, masinja ya tafi gida da rabin haƙƙinsa. Saboda haka kafin mu miƙa aiki, mu gwada shi da albashin mutum uku da muka riga muka lissafa da hannu.