Jini a Tumbuɗin Jariri



Uwa ta goge bakin jaririnta, sai ta ga ɗigon jini cikin tumbuɗi, gabanta ya faɗi. 'Yar'uwa, fara duba kan nononki. Sau da yawa jinin naki ne: kan nono ya tsage, jariri ya haɗiye shi tare da nono, kuma wannan ba ya cutar da shi.

Tsagewar kan faru idan jariri ya kama tsinin nono kaɗai. Bari ya buɗe baki sosai, ya kama har baƙin da ke kewaye, haɓarsa na taɓa nono. Bayan ya sha, shafa ɗigon nononki a wurin, ki bar shi ya bushe. Kada ki daina shayarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar nono zalla har wata 6.

Amma idan nononki lafiya lau yake, ko jinin ya yi yawa, ko akwai zazzaɓi, kumburin ciki, amai kore ko ƙin shan nono, maigida, a kai yaro asibiti yau ɗin nan.

Allah ya raya mana jariranmu.